Hanyar Appalachian: tafarkin masu neman sauƙin juyayi

Hanyar Appalachian wata doguwar turba ce ta masu tafiya a ƙasa, wadda ta ratsa tsaunuka da dazuzzukan gabashin Amurka. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 3,500, kuma ta keta jihohi 14, tun daga tsaunin Springer a jihar Jojiya har zuwa tsaunin Katahdin a jihar Maine.

Akasarin masu bin ta dai sukan je ne domin shaƙatawa ta yini ɗaya ko biyu. To amma akwai waɗanda ke ɗaukar watanni biyar zuwa bakwai suna tafe daga farkonta har ƙarshe, kuma daga cikinsu akwai masu zuwa da ciwon rashi ko wata damuwa da ta addabe su.

Asalin hanyar

Wani masanin gandun daji mai suna Benton MacKaye ne ya fara kawo shawarar samar da hanyar a shekarar 1921, watanni kaɗan bayan rasuwar matarsa. An kammala aikin a 1937, galibi da ƙarfin 'yan sa kai.

An shafa farin fenti a jikin itatuwa da duwatsu domin nuna wa matafiya hanya, an kuma kakkafa rumfunan kwana fiye da 250.

Tsohon soja da tsohuwa

Mutumin da aka fi sani da fara kammala tafiyar a karo guda shi ne Earl Shaffer, wani tsohon soja ɗan jihar Pennsylvania. Shi da amininsa sun yi alkawarin bin hanyar tare, sai dai an kashe abokin nasa a gumurzun Iwo Jima, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1948 Shaffer ya kama hanya shi kaɗai, da nufin ya kakkaɓe yaƙin daga zuciyarsa, ya kuma isa Katahdin bayan kwanaki 124. Ya sake yin tafiyar a 1998 yana da shekaru 79, kafin mutuwarsa a 2002.

A 1955 kuma, Emma Gatewood daga jihar Ohio ta zama mace ta farko da ta kammala hanyar ita kaɗai a karo guda. Shekarunta 67, 'ya'yanta 11, kuma ta sha duka na tsawon shekaru a hannun mijinta kafin aurensu ya mutu. Ta yi tafiyar ne da takalman yadi da 'yar jaka a kafaɗa.

Labarin Shaffer ne ya zaburar da Sean Gobin, wanda ya yi yaƙi a Iraƙi da Afghanistan. Bayan ya bi hanyar a 2012, ya kafa ƙungiyar da aka sani da Warrior Expeditions, domin tallafa wa tsoffin sojoji su yi irin wannan tafiya.

Me tafiyar ke yi wa zuciya?

Mai juyayi sau da yawa barci da cin abinci kan gagare shi, ya kuma ƙaurace wa jama'a. A kan hanya kuwa, buƙatun yini a fili suke: neman ruwa, da isa masauki kafin duhu. Gajiya kan kawo barci, sannan haɗuwa da baƙi a rumfunan kwana kan ba mutum damar faɗin abin da ya kasa faɗa a gida.

Likitoci sun amince cewa motsa jiki a kai a kai na rage damuwa. Sai dai suna gargaɗin cewa ba ya maye gurbin magani ga mai tsananin ciwon damuwa, ko wanda firgicin yaƙi ke yawan dawo masa.

Tafiyar kanta ba ƙaramin aiki ba ce. Kimanin mutum ɗaya ne cikin huɗu da suka ƙudiri kammala ta ke kaiwa ƙarshe, sauran kan janye saboda rauni, ko rashin lafiya, ko ƙarewar guzuri. Wasu daga cikin waɗanda suka kammala kuma sukan shiga wani sabon ƙunci idan suka koma gida, abin da ya sa ake shawartarsu da su nemi tallafin dangi da na likita bayan tafiyar.