Gandayen Namun Daji na Najeriya: Tarihinsu da Yadda Ake Tafiyar da Su

Gandayen namun daji na ƙasa dazuzzuka ne da gwamnatin tarayyar Najeriya ta keɓe bisa doka, ta haramta farauta da noma da kiwo da saran itace a cikinsu, domin kare dabbobi da tsirrai da mafarin koguna. Bakwai ne suka daɗe a hannun tarayya: Tafkin Kainji, Gashaka-Gumti, Kamuku, yankin Tafkin Cadi, Kuros Riba, Tsohuwar Oyo da Okomu. Faɗinsu gaba ɗaya ya haura murabba'in kilomita 20,000, wato bai kai kashi 3 cikin 100 na ƙasar ba. Ban da su akwai gandayen daji masu yawa da ke hannun jihohi, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne Yankari.

Kafin zuwan Turawa daji ba marar mai ba ne. A ƙasar Hausa akwai sarkin dawa da sarkin baka, su ke tsara farautar rani, su ke sanin dajin da ake shiga da wanda ba a taɓawa. A kudu kuma akwai kurame na tsafi da ba a sare ko reshe a cikinsu. Sai dai abin da ya fi kare manyan dazuzzuka shi ne ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore, da ƙudan bakin rafi mai makantar da mutane. Duk inda waɗannan ƙwari suka yi yawa, makiyayi da manomi sukan kauce, giwa da ɓauna su sami sakewa. Yawancin wuraren da suka zama gandaye daga baya irin waɗannan dazuzzuka ne.

Turawan mulkin mallaka da katako suka fara damuwa, shi ya sa gandayen farko suka kasance a kurmin kudu. A 1916 aka yi dokar kare namun daji, wadda ta hana kashe wasu dabbobi sai da lasisi. A Arewa an bar yawancin gandaye a hannun hukumomin En'e, kuma a wannan zamani ne talakawa suka san malamin daji, mai kama wanda ya sari itace ko ya saka wa daji wuta. Dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari an keɓe shi tun 1936 a bisa wannan tsari.

Yankari, a ƙasar Bauchi, shi ne gandu na farko da aka ware musamman domin dabbobi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido ranar 1 ga Disamba, 1962. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma rayuwarsa a kan kogin Gaji take: idan rani ya tsananta, tafkuna suka ƙafe, giwaye da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza duk sukan gangaro fadamar kogin, shi ya sa daga ƙarshen hunturu zuwa bazara ne aka fi ganin dabbobi. A tsakiyar gandun akwai maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta ke fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, garau har ana hango farin yashin ƙasansa, da ɗumi na digiri 31 dare da rana, rani da damina. Birai sun saba da masaukin baƙi da ke wurin, har sukan fizge abinci daga hannun wanda ya yi sakaci. Rijiyoyin Dukkey da kogunan dutse na Marshall da tsofaffin matoyan ƙarfe da ke cikin dajin shaida ne cewa mutane sun taɓa zama a cikinsa kafin su tashi.

Gandu na farko da ya zama na tarayya shi ne na Tafkin Kainji, a 1979. An haɗe gandayen Borgu da Zugurma ne, a yamma da gabashin tafkin da ya samu bayan gina madatsar ruwa ta Kainji a 1968, suka ba da murabba'in kilomita 5,340. Shekara goma sha biyu shi kaɗai ne. A 1991 gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 36, ta kafa hukumar kula da gandaye, ta ƙara biyar: Yankari, Gashaka-Gumti, Kuros Riba, Tsohuwar Oyo da yankin Tafkin Cadi. Doka mai lamba 46 ta 1999 ta ƙara Kamuku da Okomu, kuma ita ce ginshiƙin aikin har yau.

An zaɓi wuraren ne yadda kowane irin daji na ƙasar zai sami wakilci. Gashaka-Gumti, a jihohin Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma, ya haura murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a Najeriya, kuma daga tsaunukansa rafuka da dama ke gangarawa zuwa kogin Binuwai. Kuros Riba kurmi ne mai duhu a kan iyakar Kamaru, mazaunin wani nau'in gorila da ya rage 'yan ɗaruruwa a duniya. Tsohuwar Oyo ta ƙunshi kufan babban birnin daular Oyo, wanda Hausawa suka sani da Katunga. Gandun yankin Tafkin Cadi yanki uku ne a warwatse cikin Borno da Yobe, ciki har da dausayin Bade da Nguru, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka da hunturu. Okomu na Jihar Edo shi ne ƙarami, kimanin murabba'in kilomita 200, kewaye da gonakin roba da na kwakwar manja.

Hukumar gandaye ta ƙasa tana ƙarƙashin ma'aikatar muhalli ta tarayya, hedkwatarta na Abuja, da babban jami'i guda a kanta, kowane gandu kuma da nasa shugaba. Ƙashin bayan aikin su ne masu gadin daji, masu kaki da bindiga, waɗanda ke sintiri a ƙafa na kwanaki, suna kwance tarkon waya da maharba ke ɗanawa a kan hanyar ruwa, suna rushe bukkokin banda nama, suna kora garken shanu waje. Wanda aka kama ana kai shi kotu ko a ci shi tara. Akan kuma yi wa ƙauyukan da ke kewaye ayyuka irin su rijiyar burtsatse da ajujuwa da ɗakin shan magani, don su ga amfanin gandun. Kuɗin da ake samu daga baƙi bai taka kara ya karya ba, don haka kusan komai daga kasafin gwamnati yake fitowa, kuma yawanci albashi ne ke cinye shi.

Babbar matsalar tsarin ita ce mallakar ƙasa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnonin jihohi, saboda haka tarayya ba ta iya mayar da daji gandunta sai jiha ta yarda. Abin da aka bayar kuma ana iya neman a mayar: gwamnatin Bauchi ta nemi Yankari, aka mayar mata a 2006. Mutanen da suka riga gandun zama a wurin ma suna da nasu haƙƙi. A Gashaka-Gumti an bar wa Fulani makiyaya da manoma wasu keɓaɓɓun wurare a kan tsaunuka, a Kuros Riba kuma akwai ƙauyukan da aka yi alkawarin sauya musu matsuguni, alkawarin bai cika ba.

Abin da ya kare dazuzzukan a da ya ja baya. An sare daji, an sami maganin sammore, tsando ya ragu, gonaki sun cinye burtali da makiyaya, sai gandu ya zama shi ne wurin da ciyawa ta rage da rani. Makiyaya kan shiga su sassabe rassan kawo da maɗaci su ba shanu, wani lokaci a zuba guba a mushe don kashe zaki. Masu gawayi da masu haƙar ma'adinai sun bi sahu, kuma a shekarun 2010 cinikin itacen madobiya zuwa ƙasar Sin ya yi wa dazuzzukan Taraba mummunar ɓarna. A nasu ɓangaren, manoman da ke maƙwabtaka da Yankari sun sha wayar gari su tarar giwaye sun tattake gonar dawa ko masara a dare ɗaya, kuma ba kasafai ake biyan diyya ba. Da wuya wanda aka yi wa haka ya kai rahoton maharbi. Karkanda ta ɓace daga ƙasar, raƙumin dawa da rabbi an daina ganin su a gandayen, zaki kuma bai rage ba sai a Yankari da Kainji, 'yan kaɗan.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. Dajin Sambisa na Borno gandun namun daji ne kafin Boko Haram su mamaye shi. Kamuku ya zama mafakar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, sassan Kainji ma 'yan bindiga sun kafa sansani a ciki. Mai gadin da aka horar don kama maharbi mai bindigar toka ba shi da ƙarfin tunkarar irin waɗannan.

Saboda haka aka fara haɗa hannu da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Ƙungiyar WCS ta Amurka ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Bauchi a 2014 kan tsaron Yankari. Ta ɗaura wa wasu giwaye na'urar bin sawu a wuya, don a san inda garke ya dosa kafin ya faɗa gonaki, kuma kisan giwa don haure ya ragu ƙwarai. A 2017 gidauniyar ANI ta karɓi aikin haɗin gwiwa a Gashaka-Gumti na shekara 30, daga baya ta shiga Okomu. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙarin gandaye goma, ciki har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina, Allawa a Neja, Pandam a Filato da dausayin Haɗeja a Jigawa. Miƙa su daga jihohi zuwa tarayya ya tafi a hankali, domin kowanne sai an shata iyakarsa, an ɗauki ma'aikata, an kuma daidaita da garuruwan da ke kiwo da itace a cikinsa.