Sarki ya mutu, sunansa na yawo a kasuwa

Kullum muna lissafi da dala da jika, amma ba kasafai muke tambaya ba: wa ke da ikon buga kuɗi? Yau bari mu leƙa Faransa ta shekara dubu da ta wuce.

Wajen shekarar 794 sarki Sharlaman ya tsara kuɗin daularsa. Kuɗi guda ake bugawa, ɗan ƙaramin na azurfa mai suna deniye, kuma 240 ke yin liba ɗaya. Da daular ta yi rauni a ƙarni na 10, sai hakimai da manyan limaman coci kowa ya buɗe maƙerarsa. Gari kaza da kuɗinsa, gari kaza da nasa. Na Furoban, inda fatake ke cin manyan kasuwannin Shampany, alamarsa mashacin gashi ce. Na Tur kuwa gidan ibadar San Martan ke buga shi.

Ga abin mamakin. A garin Mel, mai ma'adinin azurfa, hakiman Puwatu sun yi ta buga kuɗi da sunan sarki Sharl har cikin ƙarni na 12, alhali mai sunan ya daɗe a kabari. Dalili? Ƴan kasuwa sun saba da wannan zane, shi suka yarda da shi, baƙon kuɗi kuwa sai an juya shi an sake juyawa. Maƙera suna kwafa daga kwafi har haruffan suka karkace.

Shi ya sa masu tara waɗannan kuɗaɗe ba sa tsayawa ga sunan da ke jiki. Sukan auna nauyi, wanda galibi wajen giram ɗaya ne, su duba gicciyen da siffar haruffa, sannan su buɗe littafin Puwe Daban mai juzu'i 3, wanda ya fito tsakanin 1858 da 1862.

A 1263 sarki Luwi na 9 ya yanke hukunci: kuɗin sarki ya ci ko'ina a ƙasa, na hakimi ya tsaya iyakar ƙasarsa. Sannu a hankali maƙerun hakimai suka yi ta mutuwa.

To, ƴan uwa, buga kuɗi iko ne, amma sai mai tebur a kasuwa ya karɓa kafin ya zama kuɗi. Ku me kuka gani? Allah ya sa mu dace.