Zafin ruwan ninƙaya

Zafin ruwan ninƙaya shi ne gwargwadon ɗumi ko sanyin ruwan da ake iyo a ciki, kuma ana auna shi da digiri a ma'aunin Salshiyas. Yana daga cikin abubuwan da ke tasiri a kan saurin ɗan ninƙaya, da juriyarsa, da lafiyarsa. Dalili kuwa shi ne ruwa ya fi iska saurin janye ɗumin jiki da kusan ninki 25, alhali jikin ɗan Adam yana buƙatar zama a wajen digiri 37.

Ƙa'idar gasa

Hukumar wasannin ruwa ta duniya, World Aquatics, wadda aka sani da FINA har zuwa ƙarshen shekarar 2022, ta ƙayyade cewa ruwan wurin gasa ya kasance tsakanin digiri 25 da 28. A gasar da ake yi a teku ko tafki kuwa, ba a yarda ruwan ya gaza digiri 16 ko ya haura 31 ba. An sanya wannan iyaka ta sama ne bayan mutuwar Fran Crippen, ɗan ninƙayar Amurka, a ranar 23 ga Oktoba, 2010, yayin tseren kilomita 10 a Fujaira ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda ruwan ya yi ɗumi ƙwarai.

Ruwa mai sanyi

Idan mutum ya faɗa ruwan da ya gaza digiri 15, numfashinsa yakan fizge, bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyin jini na fata su tsuke. Wannan yakan lafa cikin 'yan mintuna, amma a nan ne aka fi shaƙar ruwa. Idan aka daɗe a ciki, hannuwa da ƙafafuwa sukan sage, iyo ya lalace. Da zarar ɗumin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari. Yara da ramammu sun fi saurin jin sanyi saboda ƙarancin kitse a jikinsu.

Ruwa mai ɗumi

Mai iyo yana yin gumi ko da yake ba ya gani. A ruwan da ya haura digiri 30, jiki ba ya iya zubar da zafin da atisaye mai tsanani ke haifarwa, sai gajiya ta zo da wuri, tare da jiri da ƙarancin ruwa a jiki. Amma ruwan ɗumi ya dace da yara masu koyo, da tsofaffi, da masu gashin ƙashi, domin ba sa motsi da ƙarfi.

A yankin Kaduna

A Kakau da ke ƙaramar hukumar Chikun, kamar sauran kewayen birnin Kaduna, ruwan da ke fili yana bin yanayin shekara ne. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, dare yakan yi sanyi, busasshiyar iska kuma tana ƙafar da saman ruwa tana ƙara sanyaya shi. Shi ya sa ruwa ya fi sanyi da sassafe, jiƙaƙƙen jiki kuma yana rawar ɗari da zarar an fito. Da bazara, a Maris da Afrilu, rana takan ɗumama ruwan da ba shi da zurfi, ya kai matuƙa da la'asar.

Saboda haka ya fi dacewa a yi atisaye da rana a lokacin hunturu, da safe kuma a lokacin bazara. Ana so a motsa jiki kafin shiga, a shiga a hankali, a riƙa shan ruwa, a fito idan makyarkyata ko jiri ya fara, kuma kada a yi iyo ba tare da wani a kusa ba.