Kurkunu: Ciwon Da Ya Kwantar Da Magabata

Mai karatu, in ka zauna da dattawan karkarar Birnin Kudu da Gwaram, irin su Kiyako, ka ambaci kurkunu, sai ka ga sun girgiza kai. Ciwo ne da kan kwantar da magidanci a tsakiyar damina, gona na jiran noma.

Mutum zai sha ruwan kududdufi, tsutsar ta shekara a jikinsa bai sani ba. Ranar da ta tashi fita, ƙafa ta yi bororo, ta ɗau zafi kamar an ɗora garwashi. Masana sun gano cewa wannan zugin yaƙi ne da jiki ke yi da baƙuwar: jini ya taru, wurin ya kumbura, sinadaran da jiki ke fitarwa su tsokani jijiyoyi. Shi ya sa magabata ke naɗe ta a kara, kullum kaɗan-kaɗan, don in ta tsinke a ciki kumburin ninkawa yake.

A 1988 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya. Ba allura ba ƙwaya, da tace ruwa da haƙa rijiyoyin burtsatse aka ci shi da yaƙi, bisa himmar su Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon. A 2008 aka ga na ƙarshe. Allah Ya raba mu da dawowarsa, amin.