Filin Jirgi Ba Daga Sama Ake Cin Sa Ba: Darasin Uli

A wasan kwaikwayon yaƙin sama na War Thunder, matuƙi kan kama filin jirgin sama ta hanyar sauka a kan titinsa. Bayan 'yan daƙiƙoƙi filin ya koma hannun ɓangarensa. A DCS World kuwa, sai mayaƙan ƙasa sun shiga filin sun kawar da na abokan gaba kafin ya sauya hannu. Matashin da ke buga irin waɗannan wasanni a Gwiwa ko Kazaure yana iya tambayar wanne ya fi kusa da gaskiya. Amsar tana cikin tarihin yaƙin basasar Najeriya.

A watan Agustan 1967, manyan jiragen dakon kaya na Tarayyar Soviet suka sauke jiragen yaƙi samfurin MiG a filin jirgin Kano, inda aka harhaɗa su. Daga nan gwamnatin Yakubu Gowon ta fi Biyafara ƙarfi a sama. Amma filayen Biyafara da ƙafa aka karɓe su: na Inugu a watan Oktoban 1967, na Fatakwal a watan Mayun 1968, duk bayan da sojojin ƙasa suka shiga garuruwan.

Da manyan filayen suka kuɓuce, Biyafara ta koma Uli, wani yanki na titin mota tsakanin Onica da Owerri da aka faɗaɗa. Jirage daga tsibirin Sao Tome da wasu wurare kan sauka da dare kawai, a kunna fitilu na ɗan lokaci, a sake kashewa. Jiragen haɗin gwiwar majami'u kaɗai sun yi sawu sama da 5,000 ɗauke da abinci da magunguna. Ta titin nan kuma makamai ke shiga. Wannan ya jefa kowa cikin tsaka mai wuya: rufe Uli zai gajarta yaƙin, amma zai yanke abincin yaran da yunwa ke kashewa.

Sojojin saman Najeriya sun yi ta jefa wa Uli bama-bamai, har ranar 5 ga Yunin 1969 suka harbo wani jirgin Red Cross. Duk da haka filin bai daina aiki ba, domin ramin da bam ya haƙa, masu shebur kan cike shi kafin jirgi na gaba ya iso. Bam yakan lalata titi, amma ba ya tsayawa ya yi gadinsa.

Abin da ya ƙare Uli shi ne isowar sojojin ƙasa. Runduna ta Uku ƙarƙashin Kanar Olusegun Obasanjo ta karɓi Owerri a farkon Janairun 1970, ta nufi filin. Ranar 11 ga wata Odumegwu Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa ƙasar Kwaddibuwa. Washegari Philip Effiong ya sanar da ajiye makamai, ranar 15 kuma aka yi miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas.

Ƙa'idar DCS World ce, ke nan, ta dace da tarihi. Filin da aka shafe fiye da shekara ana yi wa ruwan wuta daga sama, cikin 'yan kwanaki ya faɗi da sojan ƙasa ya kusanto shi, yaƙin kuma ya ƙare tare da shi.