Ƙyalƙyali da Liya'u: Hasken da Malam Abdullahi na Gwandu Ya Zaɓa

Da damina, idan rana ta faɗa kan ruwan da ya kwanta a fadamun shinkafa na Kalgo, Bahaushe ba ya cewa ruwan yana haske. Cewa yake yi yana ƙyalƙyali. Haka yake faɗa game da taurari da zinariya da zaren azurfa a bakin alkyabba. Maimaicin da ke cikin kalmar, ƙyal-ƙyal, yana kwaikwayon abin da ido ke gani: haske mai bayyana ya ɓace, ya sake bayyana. Wannan ya bambanta shi da sheƙi, wanda ke zaune a jikin bugaggen rawani, da walƙiya, wadda ke wucewa sau ɗaya.

Saboda rashin tsayuwarsa wuri guda, kalmar ta sami ma'ana ta biyu. Ana kiran kayan alatu ƙyale-ƙyale, abin da ke da kyan gani ba amfani kuma a ce da shi ƙyalƙyal banza. Wannan ma'ana ta biyu tana da gurbi a tarihin Gwandu, masarautar da Kalgo ke cikinta.

A 1805 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi, kuma a shekarar suka sha mummunan kaye a Alwasa kafin su tsira a Gwandu. Da nasara ta soma zaunawa, ganima ta yawaita. Wajen 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A littafinsa Tazyinul Waraƙati na 1813 ya bayyana dalili: abokan gwagwarmaya na farko sun ƙare a fagen fama, da yawa cikin waɗanda suka rage kuma sun karkata ga mulki da dawaki da tufafin ado. Matakin ba ƙarami ba ne, domin jihadin bai kammala ba, kuma wanda ya tafi yana cikin manyan kwamandojinsa.

Bai wuce Kano ba. Mutanen birnin suka roƙe shi ya zauna ya koyar da su, ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan ƙa'idojin mulki. Daga baya ya rubuta Liya'us Siyasati da tafsirinsa Liya'ut Ta'awili. Malaman luggar Larabci suna fassara liya'u da haske mai fitowa daga asalin abu, irin na rana. Ƙyalƙyalin zinariya da na ruwa kuwa aro ne. Da an kawar da rana ko fitila, sai ya mutu.

Malam Abdullahi ya koma gida, a 1812 aka damƙa masa yammacin daula, kuma ya rasu a 1829, kabarinsa yana Gwandu. Bai ƙi mulki ba. Abin da ya nema shi ne a auna mai mulki da adalcin hukuncinsa da yadda yake riƙon baitulmali. Har yau malamai a ƙasar Gwandu suna karantar da tafsirinsa, alkyabbun da suka sa shi barin runduna kuwa babu mai tuna sunayen masu su.