Saƙon “za a maido muku kuɗin wuta”: yadda za ku gane na ɓarayi ne

Mun ajiye wannan bayani a shafi don duk wanda saƙon ya shigo wa ya dawo ya duba kafin ya taɓa komi.

Saƙon yakan zo ta SMS ko WhatsApp, galibi da Faransanci, wani lokacin kuma mutum ne zai kira da Hausa ko Zabarmanci, murya a natse. Zai ce daga kamfanin NIGELEC yake, wai an rage kuɗin wuta, ko an karɓi kuɗinku fiye da ƙima, don haka za a maido muku jika goma ko ashirin. Kuma wai yau ne ranar ƙarshe. Wannan gaggawar ita ce alama ta farko.

Ba wauta ce ke sa mutane yarda ba. A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu, birane sun sha duhu wata da watanni, to in aka ce ga diyya, zuciya sai ta ce ai ya dace. A Yulin 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin litar mai zuwa sefa 499, da gaske. Amma ku tuna yadda aka yi wancan ragin: an sanar a gidajen rediyo da talabijin, farashi ya sauka a gidan mai, ba wanda aka ce ya turo wata lamba. Kuɗin wuta ma haka yake. Akwai hukumar ARSE mai sa ido kan farashinsa, kuma ragi na gaskiya a takardar kuɗin wuta ake ganinsa, ko wurin sayen wutar mita.

Abin da ɓarawon ke nema shi ne lambar sirrinku ta Airtel Money, Moov Money ko Zamani Cash. A nan muke so a tsaya da kyau. Wanda zai turo maka kuɗi lambar wayarka kaɗai yake bukata. Lambar sirri ta fitar da kuɗi ce. Duk wanda ya ce ka danna ta “don kuɗin su shigo”, fita za su yi. Wani kuma zai ce ka fara biyan jika biyu na buɗe takarda. Da ka tura, layinsa ya mutu.

Wadda ta fi ɓarna ita ce ta WhatsApp. Lamba mai alƙaluma 6 za ta shigo wayarka, a ce ka karanto ta don a tabbatar da sunanka. Kana karantowa, WhatsApp ɗinka ya koma hannunsu, da hotonka da komi. Daga nan sai su rubuta wa ɗanka da ke cin rani: Baba ba lafiya, an wuce da shi likita Filinge, turo kuɗi a wannan lambar. Ƴan uwa na waje, don Allah kafin ku je Nita ko Amana, ku kira gida ku ji muryar mutum da kunnenku. In layi bai shiga ba, kun san halin rezo a nan, ku nemi maƙwabci.

Af, mu ma faɗa: gidaje da yawa a ƙauyukanmu ba su da mita ko kaɗan, da hasken rana suke cajin waya. Wanda bai taɓa biyan kuɗin wuta ba, me za a maido masa?

Dattawa da iyayenmu mata da ke ba yaro ko mai cajin waya ya karanta musu saƙo, ba laifi ya karanta, amma lambar sirri ku riƙe ta a kanku.

In an riga an cuce ku, ku sauya lambar sirri nan take, ku je wurin wakilin kamfanin wayarku a rufe asusun. Kada ku goge saƙon ko lambar da ta kira, su za ku nuna wa jandarmomi. Tun 2019 Nijar na da dokar hukunta laifukan intanet. Wanda kuma ke da mita a Filinge ko Yamai, ya ɗauki tsohuwar takardarsa ya je ofishin NIGELEC da ƙafarsa ya tambaya.